Rumfar da Ayuba ya ƙi shiga

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana Ayuba, kuma mutumin da ya hana shi yin rajistar inshorar lafiya ya zo cocinmu ranar Lahadi ya ci shinkafar tunawa da shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Honarabul muke ce masa a unguwarmu Nasarawa, kuma ya san kansa.

Ayuba ma'aikacin masaƙa ne har ranar da aka rufe ta. Daga nan ya koma sayar da katako, sauran ƙarfinsa kuwa ya ba jam'iyya. Shi ne mai bin gida-gida, shi ne mai jera kujerun taro, shi ne mai kwashe su bayan manya sun shiga mota. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma taɓa nema ba.

Da aka kawo maganar inshora, cewa talaka zai biya kaɗan ya riƙa ganin likita, ba a asibiti aka fara rajista a unguwarmu ba. Kansila ne ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, mai launin jam'iyyarsu, kansilan kuwa ɗan wancan ɓangaren ne, ba na jam'iyyar su Ayuba ba. Baƙo zai ce ai rumfa rumfa ce. A wurinmu ba haka ba ne. Ko a gidan rasuwa, launin rumfar da mutum ya zauna a ƙarƙashinta shi ke faɗa wa unguwa na wane ne shi, kuma kafin ya tashi labari ya kai kasuwar unguwar Television.

Honarabul, jigon jam'iyyar su Ayuba, ya tara mutanensa a filin firamare. Ya ce tarko ne, sunaye da yatsu ake tarawa saboda zaɓe, duk wanda ya zauna a can ya sayar da kansa. Ya ce a yi haƙuri, idan sun hau za su kawo na gaskiya. Ayuba ya ɗauki maganar nan ya bi layi-layi da ita, alhali shi kansa yana fama da hawan jini.

Na ce masa, "Baban Rahila, je ka karɓi katin nan mana, ka dawo ka ci gaba da zaginsu."

Ya yi dariya ya ce, "Ke kam. In na zauna a can yau, da wace fuska zan ƙwanƙwasa ƙofar mutane gobe?"

Haka ya ci gaba da sayen magani a kemis. In katako ya fita, ya sha. In kasuwa ta yi sanyi, ya ce ai yana jin garau. Wata safiya ya faɗi a wurin katakon, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara tashi ba. Ban ce kati yana hana mutuwa ba. Cewa na yi da yana da kati, da akwai mai auna shi duk wata, mai yi masa faɗa in ya bar magani.

Bayan mun binne shi na shiga ajin manya na coci, ina da jikoki na fara koyon haɗa baƙi, don na gaji da jin labarin gwamnati daga bakin masu neman ƙuri'ata. Amma ko da na iya karatu, ban je na yi rajistar ba. Gani nake in na je, kamar na ce wa duniya mijina ya mutu a kan wauta. Bara nas ta ce ni ma jinina ya hau. Na kama hanyar kemis, sawun da Ayuba ya bi.

Honarabul kuwa tuni ya sauya sheƙa. Yanzu yana tare da waɗanda ya kira masu tarko, shi ne ma mai yawon tallar inshorar. A Lahadin tunawar nan, bayan sujadar godiya ya karɓi lasifika ya ce Ayuba ƙaninsa ne, mutum mai hangen nesa, da yana raye da shi ne na farko a layin rajista. Sai yabon kai ya ɗebe shi, ya ce shi tun ranar da aka fara shirin ya yi wa kansa da iyalinsa duka. Tun ranar da aka fara. Wato a makon da ya tsaya a filin firamare, katinsa na aljihu. Mutane suka yi tafi. Ban yi ba.

Da zai fita ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Mama, ki zo rumfarmu ranar Asabar, a gaba zan sa ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Ayuba ma a gaba ka sa shi."

Ya yi murmushi kamar bai ji ba, ya shiga mota.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Bitrus, ƙanin Ayuba, wanda har yau yake tsohuwar jam'iyya. Ya ce, "Matarmu, kada ki kuskura. Abin maci amana ne yanzu. Je ki tambayi masu katin a Gonin Gora, layi za su bi tun safe, a ƙarshe a ce babu magani, su saya a waje. Yaya ba zai yafe miki ba."

Wani ɓangare na maganar Bitrus gaskiya ne, na ji mata da yawa suna wannan kuka. Amma na dube shi na ce, "Mijina, wancan ya ari bakin mamaci, kai ma ka ara. In babu magani, bari in je in yi musu faɗa da katina a hannu. Ai ka san bakina."

Na daɗe ina tunanin abin da Ayuba zai ce da ya ga Lahadin nan. Ba na jin zai yi ihu. Zai zauna a kan bencin ƙofar gida, ya fara tuna gidajen da ya shiga da maganar wani. Abin da zai ci masa rai ke nan, ba nasa ciwon ba. Shi da gaske yake yi. Abin da ya gaskata ya faɗa, abin da ya faɗa ya yi, bai hana kowa abin da ya ɓoye wa kansa ba. Wannan ne gadon da ya bar mini, kuma ba mai ƙwace shi da lasifika. Biyayyar kuwa na bar wa masu ita.

Washegari da safe na rufe buhunan hatsin da nake sayarwa, na hau keke mai ƙafa uku zuwa ƙaramin asibitin da ke Television. Ban jira Asabar ba. Yarinyar da ke kan tebur ta saba kowa na zuwa da sunan wani babba, sai ta ce, "Mama, wa ya aiko ki?"

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni. Ki fara auna jinin tukuna."

Na naɗe hannun riga na miƙa mata.