Jirgin da aka yi wa ƙafafun rodi a Kafanchan

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, ni da abokin aikina, na rungume kwamfuta a ƙirji saboda ramukan hanya. A Kasuwan Magani muka ci ƙosai mai tsada, wanda nake zargin na jiya ne, ko da yake ba zan rantse ba.

Wata ƙungiyar manoman masara ce a Kafanchan ta sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi, guda ɗaya tal, don feshin magani. Aka ba ni aikin saka irinsa a manhajar koyon tuƙin jirgi, domin mai koyo ya gama faɗuwarsa a kwamfuta kafin ya taɓa na gaske. Sati uku ina bin littafin kamfani: nauyi, tsayi, ƙarfin farfela. Na tura musu manhajar, wata malamar firamare ta fara koyo. Amma hankalina bai kwanta ba, na ce sai na ga jirgin da idona.

Da rana muka isa harabar cocin da suke ajiye shi. Aka ɗage tampol ɗin da aka rufe shi da shi. An yi masa waldar ƙafafun rodi masu kai gwiwata, an kuma ɗaura jarka bisa tankinsa don ƙarin magani.

Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa, ta ce, "Ɗana, gonarmu duk kunyoyi ne. Da gajerun ƙafa ina zai sauka? Mai walda ya taimake mu."

Na ce, "Mama, an sake auna nauyinsa?"

"Auna me? Fasto ya yi masa addu'a. Asabar malama za ta tashe shi."

Zancen kunyoyi tana da gaskiya, a manhajata ƙasa shimfiɗe take kamar filin ƙwallo. Amma jirgin da malama ta saba da shi ba wannan ba ne, kuma ina ganin da wuya ya sauka lafiya. Muka aro sikelin masu citta, na auna shi har sau uku: ya fi na littafin kamfani nauyi nesa ba kusa ba. Na roƙa a ɗage Asabar, Mama ta ce an riga an sanar a coci. Malama ce ta raba gardama: ta ce ba za ta karya dukiyar jama'a a gaban iyayen ɗalibanta ba.

Mun dawo gida da tuwon acha a ciki da ciwon baya. Darasin, in har na fahimce shi daidai, shi ne littafin kamfani bai san da mai walda ba. Na fara aikin daga tushe, na kuma kira Mama na roƙe ta kada a ƙara masa komai. Ta ce to, sai dai 'yar lema saboda ruwan sama.