Cigiyar Kawu Sale Mai Faci

Duk wanda ya yi Juma'a a unguwarmu nan Daura ya san ana sallamewa Kawu Sale mai faci zai miƙe: "Jama'a, cigiya! Wa ya yar da kofi?" Shekara goma sha ɗaya yana wannan, har liman ya daina waiwayowa.

Kofin na wani jarumin fim ne, kyautar gwarzon shekara. Tayar motarsa ce ta yi faci a hanyar Zango, garin ciro safaya ya ajiye kofin a ƙasa, ya ja mota ya manta. Kawu ya tsinci kofin da sunan jarumin a jiki. Mu muka ce tsuntsu daga sama, Kawu ya ce amana ce ta hau kansa.

Mutumin da bai taɓa kallon fim ba, sai ga shi gaban talabijin ɗina yana neman mai kaya. Ranar da aka harbe jarumin, Kawu ya zabura: "Innalillahi! Yana da magada?"

Na ce, "Kawu, wasa ne fa."

Bayan sati ya gan shi a wani fim yana auren fari. Ya ja tsaki: "Mutumin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, ina za a same shi?"

Wani Alhaji mai tara kayan 'yan fim ya taso takanas daga Kano, ya ce a ba shi kofin ya ba da sabon babur. Kawu ya dube shi sama da ƙasa: "Kai ka yar?"

"A'a."

"To, a gai da Kano."

Da ciwo ya kwantar da shi, abin ya daina ba mu dariya, don kuka yake kada ya tafi da kayan wani. Na yaɗa hoton kofin ta waya, ina cigiya. Kwana huɗu sai ga jarumin, ya yi furfura, an daina sa shi a fim. Kawu ya tura kofin ƙarƙashin bargo: "Faɗi kamanninsa tukuna!"

Bawan Allah ya faɗa tiryan-tiryan, hawaye na zuba, ya ce shi ya ɗauka duniya ta manta da shi. Ya roƙi Kawu ya riƙe.

"Ni? Ɗauki abinka, Malam, in samu in tafi sakayau!"

Sati biyu Kawu ya ƙara a duniya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓe shi sakayau yadda ya roƙa.