Filayen da Na Zaɓa wa Baban Murna

Juma'a: Silver Spring zuwa Fort Washington

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai waye ba, muka fito daga gidanmu na Silver Spring, ni da maigidana Bitrus, wanda nake kira Baban Murna. Ni ce a kan sitiyari, domin tun da ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki bara, likita bai yarda ya koma tuƙi ba. Kwana uku a jere na yi ina aikin awa goma sha biyu a asibiti, idanuna kamar an zuba musu yashi. Shi kuwa sai fara'a yake, ya rungume jakar fayafayansa a cinya.

Ga 'yan gida da ba su san wasan ba: faifai ne na roba mai faɗin murfin kwano. Daga nesa ake jifa da shi, a bi shi a sake jifa, har ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. In ka gama da wannan sai ka taka zuwa na gaba, har kwando goma sha takwas. Kafin ciwon, duk Asabar yana filin wasan. Abu ɗaya ya roƙe ni: kafin sanyi ya shigo, ya gama sha takwas ɗin nan da ƙafarsa, ko sau ɗaya ne. Ni kuma tsorona kada ya faɗi a dajin da motar asibiti ba ta iya shiga.

Ya rubuto filaye biyar a takarda, duk masu tudu da kurmi. Na ce tunda ni ce direba, ni zan zaɓa. Masu wasan tsawon fili suke dubawa, da yawan bishiyoyi, da ko akwai tafkin da zai cinye faifai. Ni nawa daban ne: filin ya zama shimfiɗaɗɗe, asibiti na kusa, kuma akwai gidan namu a garin. A nan dabarar take. Ɗan Arewa ba ya ratsa garin ɗan'uwa bai tsaya gaisuwa ba, kuma ba a tashi a bar tuwon gidan babba.

Mil ashirin da biyar ne zuwa Fort Washington. Muka sha mai a hanya, galan dala uku da 'yan kai, ƙarfe bakwai muna ƙofar Kawu Dauda, ƙanen mahaifiyarsa.

"Minti goma kawai, Maman Murna," in ji Bitrus.

"To," na ce.

Minti goma a gidan Kawu! Aka yi addu'a, aka kawo kunun gyaɗa da ƙosai. Kawu ya ɗauko zancen gonar kakanni a Kafanchan tun daga tushe. Bitrus ya yunƙura, Kawu ya daka masa harara.

"Zauna, ɗana. Gwate na kan wuta. Da furfurarka za ka bar ni ka tafi jifan murfin kwano?"

Sai ƙarfe uku da rabi muka isa fili. Kwando shida ya yi, na ce rana ta yi ƙasa, ga shi Kawu na jiranmu. A gidan muka kwana.

Asabar: Fredericksburg

Ƙarfe takwas muka tsallaka gadar Potomac muka shiga Virginia. Nan ba shingen 'yan sanda, ba mai cewa a buɗe but ɗin mota, amma cunkoson babbar hanyar kudu ya fi shinge goma cin rai. Mil hamsin, awa biyu da kwata. Bayana ya ƙage, ƙafar birki ta yi tsami, gahawar da na saya dala biyu ta huce ban sha rabi ba.

Filin da na zaɓa, wallahi ko ni na ji kunya. Ciyawa ce shimfiɗe kamar filin ƙwallon firamare, ga rufin asibiti ana hangowa ta bayan shagunan. Bitrus ya dube shi, ya dube ni. Ya soma jifa da hannun dama, yana jan ƙafar hagu a hankali, ni ina biye da jakar magani da na'urar awon jini. A kwando na tara wayata ta yi ƙara, daidai lokacin da muka shirya da mai kiran. Hajiya Bilki ce, 'yar Zariya, tsohuwar abokiyar aikina.

"Kuna ina? Masa na hucewa fa!"

Muka nufi gidanta. Masa ce da miyar taushe, da zoɓo mai sanyi, har da farfesun kaza. Bitrus ya ci, ya yaba, ya duba agogo ƙarfe biyu ya ce zai koma ya ƙarasa taransa. Hajiya, baiwar Allah, bakinta ba ya riƙe ruwa.

"Haba Baban Murna, ina za ka? Ai uwargida ta ce in riƙe ka har la'asar, kamar yadda Kawu ya yi jiya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ajiye kofin zoɓon a hankali, ya yi mata godiya har sau biyu, ya ɗauki sandarsa.

Muka wuce masauki. Ɗakin dala casa'in da takwas ne, yana warin tsohuwar taba. Na kashe mota a farfajiya, na ce ya yi haƙuri, don lafiyarsa na yi.

"Na sani," in ji shi. "Amma da kin ce mini a'a tun a gida, da ya fi. Kin sa ina ta gaishe-gaishe kamar ɗan biki, ashe kowa ya san tsare ni ake yi, ni kaɗai ne ban sani ba."

Raina ya ɓaci, na ce ni na ɗaga shi daga ƙasan banɗaki ranar da ciwon ya same shi, ba Kawu ba, ba abokan wasansa ba. Na ce na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya ce shi ma. Daga nan na miƙa hannu na ce ya ba ni takardar nan tasa ta filaye biyar.

Lahadi: Front Royal

Ko coci ba mu nema ba. Ƙarfe bakwai muka kama hanyar yamma, mil saba'in da biyar, hanya na hawa tana sauka, ganyaye sun yi ja da rawaya. A garin nan ba mu san kowa ba. Tara da kwata muka tsaya a gindin wani tudu, na ɗaga kai na ce, "Yesu na!"

Wani dattijon Bature da karensa ya ga sandar Bitrus, ya ce daga kwando na goma hawan ba wasa ba ne. Bitrus ya yi masa godiya ya wuce.

Biyar na farko lafiya lau. A na bakwai faifan ya daki bishiya ya gangara kwari, na ce bari in ɗauko, ya ce a'a. Minti goma sha biyar ya yi kafin ya hauro. Na cije leɓe, na'urar awon jini na cikin jaka, ban fito da ita ba. A na goma ni kaina haki nake. Kwando na sha ɗaya. Na sha biyu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafar hagun ta soma shara ganye a ƙasa maimakon ta ɗagu. Kalmar "ya isa" ta zo bakina ya fi sau ashirin, ina haɗiye ta.

Ƙarfe ɗaya da minti goma sarƙoƙin kwando na sha uku suka yi ƙara. Ya ciro faifansa, ya tsaya yana kallon hawan da ke gaba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan wani kututture.

"Maman Murna, ya isa."

Na ce saura biyar kawai, mu huta, in ya so in riƙe shi. Ni da bakina na faɗi haka.

Ya girgiza kai yana murmushi. "Shekara guda kowa na gaya mini inda ƙarfina ya tsaya. Likita ya faɗa, ke kin faɗa, har Kawu. Yau na zo na gani da idona. Sha uku ne. Ba sha takwas ba, amma kuma ba shida ba."

Na juya baya na yi kukana, ya bar ni na gama. Saukowa ta ɗauke mu minti arba'in.

Komawa gida

Mil saba'in da 'yan kai, cunkoso tun daga bakin Washington, shi yana ta minshari. Ƙarfe biyar da rabi muka shigo Silver Spring. Godiya ga Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Kawu Dauda da iyalinsa, da Hajiya Bilki, wadda sakin bakinta ya yi mini abin da na kasa yi wa kaina. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

A ƙofar gininmu akwai matakala shida. Ya sa ƙafa a ta farko, hannuna ya tafi da kansa zai kama gwiwar hannunsa. Na janye shi, na tura a aljihu, na tsaya a ƙasa har ya hau ta shidan. Duk tafiyar nan, ba abin da ya ba ni wuya kamar wannan tsayuwar.