Kwalekwalen Daeng Ngalle Ya Daina Naɗuwa

Da ciwon gwiwa ya hana Daeng Ngalle tura babban jirginsa na kamun kifi cikin teku, sai 'yarsa ta aiko masa da kwalekwalen roba daga birnin Makassar, irin wanda ake naɗewa kamar tabarma a saɓa a kafaɗa.

Tsohon bai raina ba, amma tuƙi da hannu bai yi masa ba, domin tun tasowarsa iska ce ke yi masa aiki. Ya farke buhunan shinkafa ya ɗinke, ya kafa gora, ya ɗaura ƙaton filafilin kama iska irin wanda ya saba. Ya manta jiragen garinsu duk suna da fikafikan gora hagu da dama masu hana su kifewa, wannan kuwa babu. Ya yi fito da baki ya kira iska yadda kakanninsa ke yi. Iska ta amsa, ta kifar da shi a ruwa iya ƙugu.

Matarsa Saribanong tana shanyar kifi a gaɓa. Ta ce, "Daeng, kai ka kira ta, ai sai ka tsaya ku gaisa."

Washegari ya ɗaure wa kwalekwalen fikafikan gora tamau, da ƙullin da ba ya kwancewa.

Da 'yar ta zo hutu ta gani, ta riƙe baki. "Baba, yanzu ai ba zai naɗu ba!"

Ya ce, "Ƙyale shi, 'yar nan. Ni ma naɗe ni kuka so yi, ku jingine a lungu."