Famfon Habu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Habu a Gashuwa. Shagon magani yake da shi, kuma yana da ciwon suga. Allurar da yake yi wa kansa kullum ba ta jure zafi, wutar lantarki kuwa a bazara sai dai labari.

Ya lura cewa ruwan ƙasan kogi yana da sanyi ko da rana ta take. Sai ya shawo kan masu shagunan layinsu aka sayi injin ban-ruwa irin na 'yan lambu, aka shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin daɓen shagunan, ruwa ya bi ya kwashe zafi ya koma kogi. Shagonsa ne na ƙarshe. A jikin bututun ya binne tukunyar da yake ajiye allurarsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada kowa ya huda bututun.

Bazarar farko abin ya yi kyau. Har daga Nguru aka zo ana cire takalmi ana taka daɓen.

Sai Alhaji Gambo mai atamfa ya sa famfo a ƙofar shagonsa saboda masu alwala.

"Alhaji, in ka ɗiba a nan ba zai iso wurina ba," in ji Yaya.

"Haba Habu, ruwan alwala zan hana Musulmi? Ga su can a tsugune, kai ka je ka hana su."

Yaya ya dube su, ya juyo. Maƙwabcin Alhaji ya sa nasa famfon, na gaba ma haka. Da bazara ta zagayo, ruwa bai ƙara kaiwa ƙarshen layi ba. Yaya ya ci gaba da allurar da ta sha zafi, yana ramewa. Likita bai ce ita ce sanadin rasuwarsa ba, ni ma ba zan ce ba.

Yau kowane shago da janaretonsa, yana sanyaya cikinsa yana hura wa maƙwabci zafi da hayaƙi. Ciyawar kachalla ta toshe bakin kogin inda injin yake. Da Yaya zai gani, ina jin ba faɗa zai yi ba, tsugunawa zai yi ya taɓa daɓen.

Famfunan suna nan, an haɗa su da rijiyar burtsatse. Famfon Habu ake ce musu. Masu alwala sukan yi masa addu'a, su ce bawan Allah ne da ya jawo wa masallata ruwa. Nakan ce amin. Ban taɓa gyara musu labarin ba.