Mutum-mutumin da Yaya bai ƙarasa ba

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da wani ɗan baffanmu da ya san hanya. Tafiyar ba ta kasuwanci ba ce. Yayana ne ya rasu a Kwatano, an binne shi a can, matarsa ta gama takaba, Inna ta ce in je in kwaso ta da 'yarta.

Bayan mun tsallake iyaka, hanyar Kandi ta jijjiga mu har haƙora suka gaisa. A Parakou muka ci sakwara da soyayyen cukun Fulani, mai abincin ta karɓi nairarmu tana kallonta kamar mun miƙa mata ganyen mangwaro. Washegari muka shiga Kwatano, ga danshin teku, ga 'yan acaɓa masu rawayar riga da ake kira zem, sun cika titi kamar fara.

Zongo kuwa sai ka rantse ba ka bar gida ba. Kiran salla, ƙamshin tsire, Hausar Sakkwato da ta Dosso suna karo da Faransanci. Da na tambayi shagon Yaya, wani mai shayi ya ce, "Butik ɗin mai motocin da ke zama mutane? Allah ya jiƙansa."

Sana'ar Yaya kayan wasan yara ne na gwanjo, waɗanda ke zuwa ta jirgin ruwa. Amma akwai irin da ba ya sayarwa: mutum-mutumin jaruman finafinan katun, wanda za ka murɗa nan, ka lanƙwasa can, mota ta miƙe ta zama ƙato mai hannu da ƙafa. A gida mun san yana tara su, muna tsokanarsa, shi ma yana dariya. Ban san yawansu ba sai da matarsa ta buɗe mini ɗakin ciki. Bango guda ne cur, wasu ma ba a taɓa fitar da su daga kwali ba.

Ta ce, "Duk dilar da ya kwance, sai ya laluba ko zai dace da wanda babu a jerin. Ƙafa ɗaya ta taɓa sa shi zagaye kasuwa wata da watanni."

Hajara, 'yarsa mai shekara tara, tana zaune a ƙofa riƙe da wata jar mota. Ko in ce rabin mota, don daga ƙugu zuwa sama mutum ne, ƙasa kuma tayoyi. Uwar ta raɗa mini cewa ita ce Yaya yake koya wa yarinyar juyawa ranar da ciwon ƙirji ya kama shi. Ya ajiye, ya ce in ya dawo daga asibiti za su ƙarasa. Tun ranar ba ta bar kowa ya taɓa ba, kuma ba wanda ya ga hawayenta.

Ba yadda za mu yi da bango guda na kaya a motar haya. Wani mutumin unguwar Fidjrossè mai furfura, wanda suka daɗe suna musayar irin kayan nan da Yaya, ya zo ya saya. Yana ɗaukar kowanne da hannu biyu. Da idonsa ya kai kan jar motar, ya ce ita ce ya fi nema, sai ya dubi fuskar yarinyar. Bai sake ambatarta ba.

Kafin mu taso na ziyarci kabarin. Ƙasar wurin yashi ce fara, ba irin tamu ba.

A hanyar dawowa, wajen binciken kaya, wani jami'i ya ciro motar daga jakar Hajara. Ba da mugunta ba, sha'awa ce ta kama shi, ya kama hannun zai murɗa. Yarinyar ta ƙwalla ƙara: "Kar ka ƙarasa! Baba ya ce in jira shi!" Sai kukan da ta riƙe watanni ya ɓalle. Na yi wa mutumin bayani da guntun Faransancina. Ya durƙusa ya mayar mata, ya ce mu wuce. Har muka isa iyaka tana kuka a jikin uwarta, fasinjoji ba wanda ya ce ta yi shiru.

Mun iso gida da la'asar. Inna ta rungume jikarta, sannan ta ce a nuna mata abin da ɗanta ya yi ta tarawa. Hajara ta ciro mutum-mutumin nata, ta ɗora mata a tafin hannu. Inna ta shafa shi a hankali, ta ce, "Ashe yana da nauyi."

Na je kwaso iyalin Yaya, na dawo da sanin wani mutum da ban gama sani ba yana raye. In kana da ɗan'uwa a nesa, je ka ga ɗakinsa tun yana nan da zai buɗe maka da kansa. Allah ya jiƙan namu da naku.