Sunan 'Yar Fari a Ɗakin Kaɗi

Jikokina 'yan lakwal, wato 'yan boko, dariya suke yi mini idan na ce a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Sai su ce, to da me take kiransa? Da "kai wannan" mana, ko ta yi gyaran murya, ko ta aiki ƙaninsa ya kira shi. Ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ke nan. A Gure ta wancan lokaci, tun Nasara ba su iso Damagaram ba, macen da ba ta da ita ba a sa ta cikin mata.

Shekarata kamar takwas a lokacin. Gidanmu yana gefen gari, ta wajen kwarin da ke da goruba. A bayan gidan akwai wani babban ɗaki na kara da ciyawa wanda kakata ta wajen uba, Kaka Amsa, ta sa aka yi mata. Ba kwana ake yi ciki ba, ɗakin kaɗi ne. Da an gama girbi sanyi ya fara shigowa, matan unguwa sukan taru a ciki bayan tuwon magariba, kowace da mazarinta da 'yar audugarta a ƙwarya. A hura wuta a tsakiya, a zagaye ta, ana kaɗa zare har lisha. Namiji ba ya shiga. Babana kansa, in yana da magana da uwarsa, daga nesa yake tsayawa ya yi tari, ita kuwa sai ta bar shi ya yi tarin nan sau uku kafin ta amsa.

A ɗakin nan na fara ganin manyan mata suna dariya har da riƙe ciki. Wadda mijinta ya bi ayarin kanwa wata biyu ba labari, nan take kawo damuwarta. Wadda goyo ya hana barci ta miƙa wa wata shi ta ɗan miƙe bayanta. Akwai maƙwabciyarmu Ya Bintu, wadda bakinta ya fi mazarinta gudu, ba ta taɓa cika zare ɗaya ba sai ta tsinka shi da surutu. Dokar Kaka ɗaya ce: abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita tare da mai ji. Mu yara mata ana barinmu mu zauna saboda tatsuniya. Kaka takan shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ta ce, "Ga wata nan ta taho daga nesa, ku matsa mata." Mu ce, "Mun matsa, ta zauna."

A shekarar nan ne yayata ta rasu. Ita ce 'yar farin Inna, ta girme ni da shekara huɗu, kuma a ɗakin Kaka ta tashi kamar yadda aka saba. Masassarar ƙarshen damina ce, kwana shida ta yi. Ni na yi kuka har muryata ta dushe, Kaka ma ta yi. Inna ba ta yi ba. Ranar zaman makoki tana bakin turmi tana daka wa baƙi fura, masu zuwa gaisuwa suna kallonta suna cewa, "Kai, wannan ita ce mace." Da kunnena na ji Kaka ta ce wa wata baƙuwa, "Surukata ba ta ba ni kunya ba."

Bayan baƙi sun watse sai Inna ta fara ƙarewa a gabanmu. Ta daina zuwa ɗakin kaɗi. In ta tuƙa tuwo ta raba wa kowa, nata sai ta rufe da faifai har ya kwana. Wata rana ta sa gishiri sau biyu a miya, wata rana ta manta da shi. Ina yi mata magana tana kallon bango. Cikin wata biyu zanenta ya koma zagaye ta sau biyu. Baba ya karɓo rubutu wajen malam, an yi hayaƙi, ba abin da ya canja. Daga ƙarshe na ji shi yana gaya wa Kaka cewa bayan kasuwa zai kai Inna gidan iyayenta a Gamu, ta zauna can sai yadda Allah ya yi. Ni kuwa a gidan uba zan tsaya. Na rasa Yaya, ga Inna ma za ta tafi, kuma ko a shekaruna na san ba duk wadda aka kai gida jinya ke dawowa ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Saura kwana uku kasuwa, da magariba, Kaka ta kira ni. Ta ce, "Je ki ce wa uwarki audugata ta fi ƙarfina, ta zo ta kama mini." Ƙarya ce, audugar Kaka ba ta cika ƙwarya ba. Amma ba a ce wa uwar miji a'a. Inna ta zo, ta zauna can bakin ƙofa inda hasken wuta bai kai sosai ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mata suka gaishe ta kamar jiya ma tana nan, ba wadda ta tambaye ta jiki.

Tatsuniyar da Kaka ta ɗauko mun san ta, ta mai tulu ce. Wata mace ta je rijiya da tsakar rana lokacin da babu kowa, don ba ta son a ce ta cika neman taimako. Ta cika tulu, ta yi ta kokawa ita kaɗai har ta ɗora shi a ka. Duk wadda ta taɓa ɗebo ruwa ta san cikakken tulu ba ya saukuwa sai an kama miki. Ta iso gida, ga mata a tsakar gida, amma kunya ta hana ta cewa a sauke ta, sai ta wuce da abinta. Ta yi daka da tulu a ka, ta yi shara da shi, ta kwana a tsaye jingine da rumbu. Gari ya ɗauka, ana zuwa kallonta daga ƙauyuka ana yabon ƙarfinta. Da yabon ya yi yawa sai ta ga ai yanzu ba ta da bakin roƙo. Kullum tulun sai ƙara nauyi yake, ƙafafunta suna nutsewa cikin rairayi.

Yadda muka saba ji, a ƙarshe akuya ce ke shiga tsakanin ƙafafunta, tulu ya fashe, wani ƙaton kwaɗo ya fito yana zagin kowa, mu yi ta dariya. Ran nan Kaka ta sake hanya. Ta ce matar ta yi ta tafiya har ta iske wasu tsofaffi a gindin itace suna kaɗi. Da ta duba da kyau sai ta ga kowace da nata tulun a ka, wasu har gansakuka ta fito musu. Babbar cikinsu ta ɗago ido ta ce mata, "Yarinya, zo ki kama mini nawa tukuna."

Na ce, "Kaka, ba haka take ba. Ina kwaɗon?"

Ta ce, "Rufe mini baki, uwar surutu."

Sai ta ajiye mazari a cinya, abin da ban taɓa gani ba a tsakiyar tatsuniya. Ta dube ni. Sannan ta ce, "Bukar. Sunansa Bukar. Ba ubanki ne na fari ba, Zara. Ya fara tafiya, haƙoransa huɗu, yana bin kaji yana faɗuwa. Fiye da shekara arba'in ban faɗi sunan nan ba. An yabe ni a lokacin, ni ma na zo na yabi wata." Ta juya wajen ƙofa. "Na yi kuskure, 'yar nan. Ki yafe mini."

Mazarai duk suka tsaya. Uwar miji ta faɗi sunan ɗan farinta gaban matar ɗanta, ta kuma roƙe ta gafara! Ni ban san inda zan sa idona ba. Ya Bintu ce ta fara magana, muryarta ƙasa ƙasa kamar ba ita ba. Ta ce, "Tawa tana nan da ranta, tana aure a Gidigir. Aisa. In ta zo ganin gida sai in yi ta yi mata faɗa a kan shara, don kada in rungume ta. Wallahi na fi son ta da duk sauran, kada wadda ta gaya musu." Wata ta yi dariya tana share ido. Wata tsohuwa daga can ciki ta faɗi nata sunan a hankali, wata ma ta faɗi.

Ba wadda ta kalli Inna. Wuta ta ci ta rage, Ya Bintu ta tura itace. Can sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Falmata."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. Ta sake faɗa, ta ƙara faɗa. Ta ce, "Tana son ƙanzo, Iya. Kullum ina bar mata a tukunya, in ce mantawa na yi ban kankare ba."

Kaka ta ce, "Na sani. Ita ma ta sani. Takan zo mini da shi a hannu ta ce Inna ta sake mantuwa, tana murmushi."

Nan Inna ta fashe. Kuka ne irin wanda ban taɓa ji ba, ban kuma so in sake ji. Ya Bintu ta jawo ta kusa da wuta ta ɗora kanta a kafaɗa, wata ta riƙe mata ƙafafu tana matsawa. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri, an bar ta ta yi har ya ishe ta. Da ta lafa Kaka ta dama fura da hannunta ta miƙa mata, ta shanye, ta nemi ƙari. Ni kuma na rarrafa na kwanta a jikinta, ta sa hannu a kaina.

Washegarin kasuwa da safe Baba ya ɗaura wa jaki shimfiɗa. Kaka ta fito ta dube shi ta ce, "Sauke kayan nan, audugata ba ta ƙare ba." Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hango Inna a bakin murhu tana cin ɗumame. Ya kwance jakinsa. Har ya bar duniya bai san abin da ya faru a ɗakin kaɗi ba.

Ba zan ce Inna ta warke a kwana ɗaya ba. Sanyin shekarar nan duka ta yi shi tana zuwa ɗakin, wata rana ta yi kaɗi, wata rana ta zauna kawai. A tsakar gida kuwa kunya tana nan yadda take, sunan bai sake fitowa ba. Na daɗe ina jin haushin Kaka da ta cire mini kwaɗo daga tatsuniya. Sai da na haifi nawa na fari, na ji yadda sunansa ke tsaya mini a maƙogwaro gaban mutane, sannan na gane abin da ta gina a bayan gida. Ba ta ce a bar kunya ba, ni ma ban bar ta ba. Ta dai san mace tana bukatar wuri ɗaya inda za ta durƙusa ta tarar da hannuwa, kuma ta san wani lokaci sai babba ta fara durƙusawa.

Haihuwata ta biyu mace ce. Kaka ta riga ta rasu, Inna ce ke riƙe da ɗakin kaɗi. Na roƙi mijina aka sa wa yarinyar sunan Yaya. Kowa ya zaci Inna za ta yi mata laƙabi don ta kauce wa sunan, kamar yadda ake yi. Ba ta yi ba. Da yarinyar ta fara tafiya, sai ka ji Inna daga bakin ɗakinta, gaban maza da mata, tana ƙwala kira, "Falmata! Falmata!" Yarinya ta taho da gudu ta ce, "Ga ni, Kaka, me zan yi miki?" Inna ta ce, "Ba komai. Je ki wasanki."